Daren da Aka Samo wa Thakur Hannu

A gidanmu na Hotoro an san ni da koyon aikin lantarki a wurin wani Kwara a cikin gari. Ban yi wa kowa ƙarya ba. Akwai lantarki, akwai Kwara. Abin da ban ga amfanin ƙarawa ba shi ne, lantarkin ta cikin injin haska fim yake bi, shi kuma Kwaran gidan silima gare shi. Kullum bayan la'asar sai in soka testa a aljihun gaba inda kowa zai gani, in hau keke, Inna ta biyo ni har soro tana ja min kunne kada in taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu.

Yaran yanzu da ke kallon fim a waya a gaban iyayensu ba za su gane abin ɓoyon ba. A wurin dattawan lokacin, ɓarawo ma ya fi ɗan silima dama-dama, don shi ɓarawo ba kullum yake fita ba. Kuma ƙiyayyar tana da asali. Majigin da motar gwamnati ke kawowa ƙofar gidan hakimi ba wanda ya damu da shi, tunda kyauta ne, da iznin sarki, kuma abin da ake nunawa bai wuce yadda ake haƙa masai da yadda ake noman gyaɗa ba. Silimar kuɗi daban take. Tun da aka buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa, mutanen birni suka sa ta layi ɗaya da gidan giya: abin dare, abin baƙi, abin da ake yi a can waje. Sai kuma ga gobarar El Duniya ranar Lahadi 13 ga Mayu, 1951. Fim ɗin wancan zamani, wanda ake yi da sinadarin naitiret, ya kama wuta a ɗakin inji, mutum 331 suka rasu cikin kimanin 600 da ke ciki, yawancinsu matasa. Hukuma ta yi bincike ta faɗi musabbabin wutar, amma mutanen gari sun riga sun yanke nasu hukuncin tun toka ba ta huce ba. Ba a daɗe ba aka buɗe Palace a Jakara, cikin birni tsundum, dab da kasuwar Kurmi, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai da 'yan doka suka riƙa gadin masu shiga saboda ruwan duwatsu.

Duk wannan tarihi a bakin Baffa na fara jin sa. Baffa ƙanin Baba ne, yadi yake sayarwa a Kantin Kwari, kuma shi ne limamin ƙin silima na zuri'armu. Idan ya zauna a soro bayan magariba ya fara, sai ka rantse a gabansa aka yi gobarar. Ranar da Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe Palace a 1983 aka mai da ita asibiti, Baffa har goro ya raba a masallaci. Ina cikin waɗanda suka ci, da tikitin jiya a aljihuna.

Wani abokina ɗan Gyadi-Gyadi da ke yaga tikiti a ƙofa shi ya yi min hanya. Kano ta ga gidajen silima iri-iri, Plaza a Fagge, Orion a Ƙofar Wambai, ga Wapa, ga Eldorado, ga Queens. Tamu ba zan faɗi sunanta ba, don ina zaton har yanzu akwai masu bin mu bashin kuɗin tikitin daren da zan ba da labari. Abin da ya ja ni gare ta nisanta da gida. Hotoro ta lokacin rabinta gonaki ce, in ka cire daffon mai da tankokin da ke layi a bakinsa. Daga nan nakan bi titin Maiduguri, in ratsa Tarauni, in ɓulla Gyadi-Gyadi, in miƙe titin Zariya zuwa cikin gari, ina lissafin cewa duk ɗan unguwarmu da zai yi wannan tafiya don kallon fim, to shi ma yana da abin ɓoyewa.

Da shara na fara. Wanda bai taɓa share silima da safiyar Asabar ba bai san yawan raken da ake sha a Kano ba. Daga nan aka ɗaga ni zuwa liƙa fasta, daga fasta zuwa ɗakin inji, wurin Maigida.

Maigida shi ne afaretanmu, tsoho ne da ya koyi aiki tun zamanin naitiret. An daina yin irin wannan fim tun farkon shekarun 1950, an koma wanda ba ya cin wuta haka, amma shi bai yarda ba. Bokitin yashi yana nan a bakin ƙofa, kuma duk wanda ya hawo da taba a baki, ko Manaja ne, sai ya koma ƙasa ya kashe ta kafin a amsa masa sallama. Inji biyu ne a jere, kowanne da ramin da yake leƙawa ta bango. Hasken ba na ƙwan lantarki ba ne. Sanda biyu ce ta kabon ake kusantar da bakinsu, wuta ta yi tsalle a tsakani, ta ba da wani farin haske da in ka kalle shi kai tsaye sai ka kwana kana ganin wulƙawa. Sandunan cinyewa suke yi a hankali, dole a riƙa lura da tazararsu. In aka yi gyangyaɗi sai hoto ya yi ja, ya dushe, jarumi ya koma inuwa. Fim yana wucewa hoto 24 a daƙiƙa, ƙafa 90 a minti, faifai guda kuma bai fi minti 20 ba. In ya kusa ƙarewa wani ɗigo yakan ɓullo a kusurwar sama ta dama. Na farko, ka ta da inji na biyu. Na biyu, ka sauya. Idan hannu ya ƙware, mai kallo ba zai san an yi komai ba.

Sai dai masu kallonmu ba irin waɗanda ake yi wa abu ba su sani ba ne.

Silimar ba ta da rufi sai ta wajen masu kuɗin sama, shi ya sa ba a farawa sai an yi isha'i duhu ya kankama. A ƙasa benci ne, kuma a kan bencin nan malaman fim suke zama: 'yan dako, makanikai, masu wankin hula, ɗalibai da suka tsallako katanga. Mata kusan babu, waɗanda ke zuwa kuwa ba a gaisawa da su da rana. Mutumin da bai san ko "zo" da Indiyanci ba, sai ka ji yana bin Amjad Khan baki da baki, har da inda yake tsayawa ya ja numfashi. Tun daga kan Mother India ta 1957 fim ɗin Indiya ya sami gida a Arewa, har jarumai suka sami sunayen gida. Dharmendra ba wanda ke wahalar da harshensa a kansa, Sarkin Ƙarfi ake ce masa.

Kwafin da ke zuwa mana ya riga ya sha duniya kafin ya iso, kuma kowane afareta ya ɗan ci nasa. Inda ya tsinke a yanke a liƙe. Wani ya yanki hoton Hema Malini biyu-uku ya sa a walat. Lambobin da ke jikin gwangwanaye an rubuta an goge an sake rubutawa, wasu da alli, wasu da fenti, wasu da rubutun da ba wanda ya iya karantawa a cikinmu. In hadari ya haɗo, Maigida kan tsallake waƙa guda don a gama kafin ruwa, kuma ba ta taɓa wucewa lafiya ba. "Afareta, ina waƙar? Ka ci waƙa, ɓarawo!" Daga nan sai a shiga ambaton iyayensa, waɗanda suka rasu tun ba a haifi masu zagin ba. Ni a ganina babu ma'aikacin da ake sa wa ido a Kano irin afareta. Akawu yakan ci kuɗi shekara da shekaru ba a gane ba, afareta kuwa ya ci minti uku, ɗaruruwan mutane sun miƙe tsaye.

Kwafi tsada gare shi, don haka guda ɗaya kan ciyar da gida biyu a dare ɗaya. Waccan silimar takan riga mu farawa da kamar awa guda. Idan sun gama da faifai sai su nannaɗe shi ya koma farko, su sa a gwangwani, ni kuma in ɗaure a kariya da roba in taka. Wannan shi ne muƙamina. Duk soyayyar Bombay da duk faɗan Hong Kong a bayan Raleigh ɗina suke tsallaka titi.

Daren Juma'a ne, kuma Juma'a ta Indiya ce. An dawo da Sholay. Ga wanda bai gani ba, Allah ya ba shi haƙuri, ga abin da yake buƙatar sani. Ramesh Sippy ya yi shi a 1975, ya haura awa uku, wato faifai goma ko fiye. Thakur tsohon ɗan sanda ne da ɗan fashi Gabbar Singh ya kashe wa iyali ya kuma sare masa hannu biyu. Sai ya ɗauko ɓarayi biyu haya, Jai da Veeru, wato Amitabh Bachchan da Sarkin Ƙarfi, su kamo masa shi. Veeru ya faɗa son Basanti mai keken doki, mai surutu. A ƙarshe Jai ya mutu. Wannan mutuwa ita ce abin da mutane suke biyan kuɗi su gani, ko da sun gan ta makon jiya.

Lokacin ana tsakiyar yaƙi da rashin ɗa'a da gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar a watan Maris na 1984. Kafin nan tikiti da ƙarfi ake sayen sa, mutum ya tuɓe riga ya bi ta kan kawunan jama'a har tagar. Yanzu sai ga ƙarti sun yi layi sumul, kowa yana kallon ƙeyar na gabansa. Mu ma'aikata mun ji daɗin wannan. Ban san rabona da yaƙin yana jira na a hanya ba.

An wuce rabin fim, na isa waccan silimar don ɗaukar faifai biyu na gaba, sai aka ɗauke wuta. Kafin janareto ya tashi, yaron ɗakin injinsu ya lalubo gwangwani biyu a duhu ya miƙo min, ya ƙara da na uku.

"Wannan fa?"

"Na Chanis ɗinku na gobe ne, faifan ƙarshe. An kai sauran, shi aka manta. Ko nannaɗe shi ba a yi ba."

Enter the Dragon ke nan, na Bruce Lee, na 1973. Na haɗa ukun na ɗaure. Ina so a lura, don tarihi, cewa ba ni na zaɓo gwangwanayen nan ba.

Ban yi nisa ba na ji an daka min tsawa. Soja ne a gefen titi, da bulala a hamata.

"Kai mai keke! Ina fitilarka?"

"Yallaɓai, yanzun nan ta mutu." Ta mutu tun zamanin Shagari.

"Me ke cikin tukwanen nan?"

"Fim ne, Yallaɓai. Sholay."

Sai na ga fuskarsa ta sake. "Na Gabbar?"

"Shi, Yallaɓai. Jira ake yi."

"Buɗe in ga Basanti."

Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa fim ba a ganinsa haka, sai da inji. Ya ce shi ma ya yi makaranta. Ya buɗe gwangwani na farko, ya ja bakin fim ɗin ya ɗaga ya haska tocila, ya ga wata tsohuwa. Ya ci gaba da ja. Tsohuwa. Ya ƙara ja. Har yanzu tsohuwa, don daƙiƙa goma ta tsohuwa hoto 240 ce. Ya ajiye wannan ya buɗe wani. Kafin in ankara fim ya taru a bakin titi tuli guda kamar hanjin rago ranar layya. Can sai ya tsaya, ya matso da tocila, ya dube ni.

"Wannan ai Chanis ne. Ka yi wa hukuma ƙarya."

Tsallen kwaɗo aka sa ni, da gwangwani na uku a ka. Ina cikin yi wani mai kurar ruwa ya zo wucewa, idonsa a kan sojan saboda tsoro, ya bi ta kan tulin fim ɗin da tayoyi biyu. Na ji ƙarar a cikin haƙorana. Da soja ya gaji ya sallame ni, har da nasihar in riƙa faɗin gaskiya, na nannaɗe abin da ya nannaɗu da yatsa, na mayar da kowane faifai gwangwanin da ya fi kusa da shi. Sai wani dogon guntu ya rage, ya tsinke ta gaba ya tsinke ta baya, ya kai ƙafa 40 ko fiye, ba shi da uwa ba shi da uba. Na cusa shi a riga.

Tun daga nesa na jiyo fito. Bango fari fat, Maigida ya haska tallan fim ɗin mako mai zuwa har ya ƙare ya sake haskawa, jama'a sun gama da iyayensa sun shiga kakanni. Bai ce min komai ba. Ya fizgi gwangwanin da ke sama, wanda na yi tsalle da shi, ya ɗora faifan a inji ya ta da shi.

Abin da ya kamata ya fito shi ne Jai ya je nema wa Veeru auren Basanti wurin gwaggonta. Abin da ya fito shi ne Jai a bakin gada, shi kaɗai, harsashi yana ƙare masa. Yaron can ya miƙo min faifan ƙarshe, wanda su kansu ba su kai gare shi ba.

Ihu ya tashi. "Ba nan ba ne! Afareta, ka tsallake tanki! Ina ɗan liman?" Amma ga wani abu game da mutanen bencin nan: ba a magana in Jai zai mutu. Suna cikin zagi harsashi ya same shi, sai murya ta fara raguwa, har wurin ya yi tsit. Veeru ya rungume shi. Na leƙa ta rami na ga ƙato, wanda minti biyu da suka wuce yake rantsuwar sai ya ƙona ɗakin inji, yana share ido da hula. Sun san cutarsu aka yi, amma suka ajiye maganar sai an gama zaman makoki.

Wannan ya ba Maigida lokaci. Ya buɗe faifai na biyu ya tarar da shi a tsinke. Na zaro guntun daga riga.

"Na wanne ne?"

Na nuna masa wanda na fi kyautata wa zato. Idon Maigida ya riga ya yi rauni saboda shekarun kallon kabon. Ya duba gefen da layin sauti yake, ya duba inda kawunan mutane suka fuskanta, ya kankare baki, ya shafa ruwan liƙi, ya danne. Aiki mai kyau, ba wanda zai ce ga inda aka haɗa. Can a bango an ɗora Jai a kan itace an cinna wuta, yadda suke yi. Maigida bai jira jirgin ƙasan ƙarshe ba, ya sauya inji.

Sai ga Jai zaune, cikin ƙoshin lafiya, ya sunkuyar da kai cikin ladabi a gaban gwaggon Basanti, yana yabon abokinsa da cewa ba shi da wani aibu in ban da caca da giya.

"Yanzun nan fa aka ƙone shi!"

"Ya taso! Wallahi ya taso!"

"To tunda ya dawo a mayar mana da kukanmu!"

Da a nan abin ya tsaya, da an sasanta. Gwaggo ta buɗe baki za ta ba da amsa, sai bango ya yi walƙiya. Ga Bruce Lee ba riga, ƙirji duk yaga, yana sanɗa a cikin ɗakin madubai, ga shi nan goma, ga shi nan ashirin. Ga kuma bos ɗin fim ɗin, Han, ya ɗaga hannunsa na ƙarfe mai wuƙaƙe. Silima ta yi shiru na mamaki. A cikin shirun nan wani bawan Allah daga can bencin gaba, wanda har gobe nake son in san ko wane ne in saya masa shayi, ya ɗaga murya ya ce:

"Alhamdu lillahi! An samo wa Thakur hannu!"

Rabin minti bai cika ba gwaggo ta dawo, ta ce ba za ta ba da 'yarta ba. Wani ya ce ai dole, bayan abin da ta gani.

Rabin jama'a suna ƙasa suna riƙe da ciki. Ɗaya rabin suka fara jifa. Guntun rake, ƙwallon mangwaro, takalmi wari guda, duk suna neman ramin injinmu, wasu suna samu. Manaja ya rungumi akwatin kuɗi ya fita ta ƙofar baya, abin da na lura ya ƙware a kai. Muka ji ana hawowa matakala. Maigida ya sa sakata, ya jawo bokitin yashinsa kusa, ban san me yake nufin yi da shi ba.

Aka buga ƙofa. "Ku buɗe. Ba duka na zo yi ba, gyara na zo yi."

Muryar ta shige ni tun daga ƙeya har dunduniya. Maigida ya zare sakata. Wani mutum ya shigo, ya naɗe fuska da rawani har hanci duk da zafin da ake yi, ya tura ƙofa ya rufe sauran a waje. Ya ja rawanin ƙasa don ya yi magana, sai idonsa ya faɗa kaina.

Mun daɗe a haka.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baffa. Barka da dare."

"Wannan ne lantarkin?"

"Shi ne, Baffa. Ga wayoyin nan."

Ya dubi wayoyin. Ya dubi testa a aljihuna. Na ga yana neman inda zai fara wa'azi, ya kuma tuna inda yake tsaye. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sai ya juya wurin Maigida ya ce, "Malam, miƙo faya-fayan nan."

Abin da na gani a daren nan ban taɓa ganin irinsa ba a wurin ma'aikacin silima. Baffa ya ja bakin kowane faifai ya ɗaga a gaban ƙwan lantarki, kallo ɗaya yake yi. "Wannan na gwaggo ne, a cikinsa Sarkin Ƙarfi zai hau tankin ruwa. Bayansa sai kisan ɗan liman makaho, ba ya nan. Wannan na Chanis ne, ku kawar da shi. Wannan na mutuwa ne, bai kamata ya baro can ba, yanzu su ma za su neme shi." Ya ƙara da cewa tun a faifai na uku an ci wani wuri, shi dai ya yi shiru ne don zaman lafiya. Maigida, mai shekara talatin da ɗoriya a ɗakin inji, ya tsaya yana cewa, "Haka ne, Alhaji. Gaskiya ne, Alhaji."

A bayan Vespa ɗin Baffa na koma waccan silimar, rungume da mutuwar Jai. Mun same su Basanti tana rawa a kan fasassun kwalabe, afaretansu yana zufa yana juya gwangwanaye, saura kaɗan su ma su ga abin da muka gani. Aka yi musaya a kan matakala ba ko gaisuwa. Da muka dawo Baffa ya mai da rawaninsa, ya sauka ya koma bencinsa. Fim bai ƙare ba sai can tsakar dare sosai. Jai ya sake mutuwa, aka sake yin tsit, ƙaton nan ya sake cire hula. A ƙofa wasu suka nemi a mayar musu da kuɗi. Manaja, wanda ya dawo da ƙura ta lafa, ya ce mutuwa biyu da Chanis a tikiti ɗaya, su ne ma ya kamata su ƙaro.

Ni aka yanke wa albashi. Na kawo hujjar duhu, na kawo ta soja, na kawo ta mai kura, Manaja ya ce duk cikinsu ba wanda yake karɓar albashi a hannunsa.

Washegari da magariba Baffa ya zo soro kamar kullum. Baba ya tambaye shi ko ya taɓa bi ta wurin aikin yaron nan, tunda kusa da kasuwa ne. Baffa ya gyara zama ya ce, "Na bi, Yaya. Aiki ne mai hatsari, amma yana ƙoƙari. Sai dai yana buƙatar ya riƙa duba lamba." Daga nan ya shiga wa'azin silima, ya fi na kullum zafi, har da gobarar El Duniya daga farko. Amma tun daga makon, duk ranar Alhamis in zan fita sai ya tare ni a bakin ƙofa, ya duba hagu da dama, ya ce ƙasa-ƙasa, "Gobe wace waya za ku ja?"

Sana'ar ba ta daɗe ba bayan nan. Darajar naira ta faɗi daga 1986, shigo da kwafi ya gagara, bidiyo ya shiga gidaje. A 1990 'yan Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya, fim ɗin Hausa ya kama hanyarsa ta kaset. Gidajen da suka rage suka ajiye injin kabon suka koma haska bidiyo, wanda yaro ma zai iya dannawa, ba faifai balle mai kai faifai. Da shari'a ta zo a 2000, aka kafa hukumar tace fina-finai a 2001, ni na riga na koma gyaran fanka da wayarin ɗin gidaje a Tarauni.

Baffa ya so a cire guntun Bruce Lee daga faifan Sholay tun a wancan daren, Maigida ya ce sai da safe in ido ya huta. Da asuba motar da za ta kai kwafin Gusau ta zo ta ɗauke shi.

Kwanakin baya na je kasuwar waya ta Farm Centre, nan kusa da silimar Marhaba, neman caja. A rumfar masu tura fim a waya na tarar da wani dattijo, daga jin harshensa mutumin Zamfara ne, ya tasa yaron rumfar a gaba.

"Wanga Sholay da ka tura man ba cikakke ba ne. An yanke."

"Baba, wallahi cikakke ne, awa uku da wani abu."

"Mu da munka gane shi Gusau da idonmu? Ina wurin da ɗan Chanis ɗin nan ya shigo ɗakin madubi? Ɗan gwaggon Basanti ne da ke can Chana, shi ta tuna da anka zo neman aure, shi ya sa ta hana."

Yaron ya rasa ta cewa. Ya waiwayo ya ga furfurata.

"Baba, kai da ka yi zamanin, don Allah akwai Chanis a Sholay?"

Na ce akwai, na wajen rabin minti.

Yaron ya buɗe aljihu ya mayar wa dattijon kuɗinsa.